Awon rubutun kwamfuta

A kasuwa, ana auna hatsi da tiya, ana auna zane da kamu. To, rubutun da ake yi wa kwamfuta fa, da mi ake auna shi?

Kwamfuta ba ta da wayon kanta. Umurnin da aka rubuta mata take bi, layi bayan layi. Wani layi yakan ce: "In kuɗi sun isa, a biya, in ba su isa ba, a dakata." A nan hanya ta rabu biyu, mararraba ke nan. Kowace hanya sai an gwada ta, don kuskure yakan ɓuya inda ba a duba ba. Kuskure guda yana iya hana ma'aikaci albashinsa.

A shekarar 1976, wani masani ɗan Amurka, Thomas McCabe, ya fito da ma'auni: a ƙirga kowace mararraba, sannan a ƙara 1. Ya ba da shawara kada jimla ta wuce 10. In ta wuce, sai a rarraba rubutun kashi-kashi, don ya yi sauƙin gwaji da gyara.

Tambayoyi
1. Don mi ake gwada kowace hanya?
2. Wani rubutu yana da mararraba 12. Nawa ne awonsa? Mi ya kamata a yi masa?