Darasi na Bakwai: Musa, Shugaban da Ya Koyi Sanin Kansa

Karatu: Fitowa 2:11-15, 18:13-27, Littafin Lissafi (watau Littafin Ƙidaya) 11:10-30, 20:1-13, 27:12-23.

Aya ta haddacewa: Zabura 139:23-24.

Manufar darasi: Mu ga yadda Allah ya yi ta nuna wa bawansa Musa halin zuciyarsa, domin kowane mai riƙe da aiki a cikin ekklesiya ya koyi duba kansa kafin ya duba na wani.

Gabatarwa

Hausawa su kan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan magana ta fi kama shugaba, gama aikinsa kullum duban mutane ne. Fasto ya san wanda ya daina zuwa sujada, shugabar zumuntar mata ta san gidan da babu zaman lafiya, malamin makarantar Lahadi ya san yaron da ba ya jin magana. Amma wa zai duba mai dubawa? Kuma da girman mutum ya ƙaru, masu iya gaya masa gaskiya su kan ragu.

Musa ya yi shekara 120 a duniya. Bisa ga jawabin Istifanas a cikin Ayyukan Manzanni sura 7, ran nan nasa ya kasu kashi uku: shekara 40 a Masar, 40 a ƙasar Madayana, 40 kuma a jeji yana jan jama'ar Isra'ila. Bari mu bi sawunsa, mu ga abin da ya koya a kowane zango.

1. A Masar: ya san ƙarfinsa kaɗai

Musa ya girma a gidan Fir'auna, aka koya masa dukan hikimar Masarawa, ya zama mai iko cikin magana da aiki. Da ya kai shekara 40 ya fita ya ga wahalar 'yan'uwansa, ya tarar wani Bamasare yana dukan wani Ba'ibrane. Ya duba nan, ya duba can, bai ga kowa ba, sai ya kashe Bamasaren ya turbuɗe shi cikin yashi.

Mu lura, Musa bai yi kuskure game da zaluncin da ya gani ba, zalunci ne ƙwarai. Kuskurensa yana wajen sanin kansa. Istifanas ya gaya mana Musa ya zaci 'yan'uwansa za su gane Allah zai cece su ta hannunsa, amma ba su gane ba. Kashegari da ya so ya sulhunta Ibraniyawa biyu, mai laifin ya ture shi, ya tambaye shi wa ya naɗa shi shugaba da alƙali a bisansu, ya kuma tuna masa da kisan jiya. Mutanen da ya zo ceto suna ganinsa mai kisa, shi kuwa yana ganin kansa mai ceto. Ya duba ko'ina kafin ya ɗaga hannu, zuciyarsa kaɗai bai duba ba, can kuwa fushi ya ke kwance. Mu riƙe wannan fushi a rai, gama za mu sāke gamuwa da shi.

2. A Madayana: ya san rauninsa kaɗai

Shekara 40 ɗan gidan sarki yana kiwon tumakin surukinsa Yetro. Sa'ad da Allah ya kira shi daga cikin kurmi mai cin wuta, mutumin da ya amsa ya sāke sarai. Sau biyar ya kawo hujja (Fitowa 3 da 4). Ya ce shi bai isa ba. Ya ce bai san sunan da zai faɗa wa jama'a ba. Ya ce ba za su gaskata shi ba. Ya ce harshensa da nauyi. Daga ƙarshe ya roƙa a aiki wani dabam. Hujjoji huɗu na fari Allah ya amsa su da haƙuri, a ta biyar fushinsa ya yi ƙuna.

Don me? Domin a nan tawali'u ya riga ya zama ƙin biyayya. Wanda ya ce shi ba kome ba ne, alhali Allah ya ba shi baiwa ya kuma kira shi, bai san kansa ba, daidai da wanda ya ke ganin shi ne kome. Manzo Bulus ya gargaɗi 'yan'uwa na Roma kowa ya auna kansa da hankali bisa ga rabon bangaskiyar da Allah ya ba shi (Romawa 12:3). Mudun da ya cika girma ƙarya ne, wanda ya cika ƙanƙanta shi ma ƙarya ne. A cikin ekklesiyoyinmu akwai waɗanda su ke ɗokin kujera ba su shirya ba, akwai kuma waɗanda an roƙe su shekara da shekaru su koyar ko su bi da addu'a, suna ta cewa ba su isa ba. Dukansu biyu suna bukatar madubi ɗaya.

3. Shawarar Yetro: abin da wani ya gani

Wannan shi ne zuciyar darasinmu, sai mu dakata a kansa. Musa yana da shekara 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Ya fito da jama'a mai yawan gaske, maza wajen 600,000 banda mata da yara. Ta hannunsa teku ya rabu. In akwai mutumin da zai ce ya wuce a yi masa gyara, Musa ne.

Yetro ya kawo masa ziyara a jeji. Kashegari ya ga Musa zaune yana yanke shari'a shi kaɗai, mutane kuwa suna tsaye kewaye da shi tun safe har yamma. Tsohon bai fara da tsawa ba, tambaya ya yi: me ya sa ya ke zaune shi ɗaya? Musa ya ba da amsa mai kyau a kunne, ya ce jama'a suna zuwa wurinsa neman nufin Allah. Kowane shugaban da ya tara aiki a hannunsa yana da amsa irin wannan, amsar kuwa gaskiya ce, shi ya sa ta ke da wuyar ganewa. Yetro ya ce masa a fili abin da ya ke yi ba shi da kyau, zai gaji ya gajiyar da jama'a. Kalmar Ibrananci da aka yi aiki da ita a aya 18 ita ce wadda a ke faɗa wa ganye sa'ad da ya yi yaushi ya kaɗe. Musa yana yaushi kamar ganyen kaka, kowa yana gani, shi bai sani ba.

Shawarar kashi biyu ce. Musa ya riƙe abin da ya ke nasa, watau tsayawa gaban Allah domin jama'a da koya masu dokoki. Sauran kuwa ya raba wa mutane masu iyawa, masu tsoron Allah, masu gaskiya, masu ƙin cin hanci, ya sa su bisa dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin, da goma goma. Ƙaramar magana su yanke, babba su kawo masa.

Wanda ya kawo gyaran nan ba Ba'isra'ile ba ne, firist ne na Madayana, bai kuwa ga rabuwar teku da idonsa ba. Duk da haka aya 24 ta nuna mana Musa ya ji, ya kuwa aikata duka. Bai ce tsohon ya raina shi ba, bai ce baƙo ba ya sanin ciwon gari ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mutumin da a Masar bai tambayi kowa ba kafin ya yi kisa, yanzu yana karɓar gyara daga bakin suruki. Wannan shi ne girma na gaske.

'Yan'uwa, mu tambayi kanmu. Mai bisharar da ya ke riƙe da wa'azi, da makullin ɗakin sujada, da littafin baiko, da ziyarar marasa lafiya, da shari'ar ma'aurata, duka shi kaɗai, ya kan ce babu wani mai iyawa. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa dalilin yana cikin zuciya: daɗin a riƙa nemansa, ko tsoron kada wani ya fi shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ya ƙi rabawa, shi zai yi yaushi, iyalinsa za su sha wuya, ranar da ya kwanta ciwo kuma aikin duka ya tsaya.

4. Gwaji biyu da ya ci

A cikin Littafin Lissafi sura 11 jama'a suka yi ta kuka domin nama. Musa ya kai ƙarshen ƙarfinsa, ya faɗa wa Allah ba zai iya ɗaukar mutanen nan shi kaɗai ba, har ya roƙi mutuwa. Wannan karo ba sai wani ya gaya masa ba, shi da kansa ya gane iyakarsa, ya kuma kai kukansa wurin da ya kamata. Allah bai tsauta masa ba, ya sa ya tara dattawa 70, ya ba su daga cikin Ruhun da ke bisansa. Biyu daga cikinsu, Eldad da Medad, suka yi annabci a cikin zango. Joshuwa ya so a hana su. Musa ya gane kishi ne Joshuwa ya ke yi dominsa, ya ƙi, ya ce burinsa dukan jama'a su sami Ruhun nan.

A sura 12 kuma Maryamu da Haruna, 'yan'uwansa na jini, suka yi gunaguni a kansa. Musa bai rama ba. Da kuturta ta kama Maryamu, shi ne ya yi mata addu'a. A wannan wuri ne Littafi ya shaida tawali'unsa ya fi na kowa a duniya. A kan ce hali zanen dutse ne, amma labarin Musa ya nuna mana akwai Mai sassaƙa dutse.

5. Meriba: tsohon rauni ya komo

Da ma labarin ya ƙare a nan, da mun ji daɗi. Amma kusa da ƙarshen shekara 40 na jeji, a Kadesh, bayan mutuwar Maryamu, ruwa ya ƙare, jama'a suka tasam ma Musa da Haruna. Allah ya umarce shi ya yi wa dutsen magana. Dā a Refidim an ce ya buga dutse (Fitowa 17), yanzu umarnin ya sāke. Musa ya tara mutane, ya kira su 'yan tawaye, ya yi magana kamar shi da Haruna ne za su fitar da ruwan, sa'an nan ya bugi dutsen sau biyu. Hannun da ya kashe Bamasare, hannun da ya farfashe allunan dutse a gindin Sina'i, shi ne ya sāke tashi.

Ruwa fa ya fito da yawa, mutane da dabbobi suka sha. A idon jama'a ranar nasara ce. Amma Allah ya ce Musa da Haruna ba su gaskata shi ba har su tsarkake shi gaban mutane, saboda haka ba za su shigar da jama'a ƙasar alkawari ba. Mu koyi abu biyu a nan. Na fari, albarka a kan aiki ba shaida ba ce cewa zuciyar ma'aikaci daidai ta ke, gama Allah ya kan shayar da jama'arsa saboda jinƙansa ko ta hannun bawa mai laifi. Na biyu, raunin da muka yi nasara da shi shekaru da yawa bai mutu ba. Ya kan jira ranar gajiya, da baƙin ciki, da matsin mutane.

Akwai wani abu kuma mai sa tunani. Sau uku a cikin Kubawar Shari'a (1:37, 3:26, 4:21) Musa ya ce wa jama'a sabili da su ne Ubangiji ya yi fushi da shi. Zabura 106:32-33 ta haɗa duka biyu: mutanen sun tsokane shi, shi kuma ya yi magana da garaje. In babban bawan Allah ya fi saurin ambaton rabon wasu cikin faɗuwarsa, ina mu?

6. Ƙarshe mai kyau

Musa ya roƙa a bar shi ya haye Urdun, aka hana shi. Da aka gaya masa zai ga ƙasar daga kan dutse ya mutu, roƙonsa domin jama'a ya zama, kada su zama kamar tumakin da ba su da makiyayi. Ya ɗibiya wa Joshuwa hannu a gaban Ele'azara firist da dukan taro. Ya karɓi horo ba tare da ya watsar da aikin ba, ya kuma shirya wanda zai ci abin da shi ba zai ci ba. Ya mutu a kan Dutsen Nebo, idonsa bai dushe ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane bambanci ke tsakanin Musa na Fitowa 2 da Musa na Fitowa 4? Wanne ya fi kama da kai?
2. Me ya sa amsar da Musa ya ba Yetro ta ke da kyau a kunne, amma ba ta isa ba?
3. Waɗanne halaye huɗu Yetro ya ce a nema wurin mataimaka? Su mu ke dubawa sa'ad da mu ke zaɓen dattawa?
4. Wa ke da izinin gaya maka gaskiya a yau? Yaushe rabon da ka karɓi gyara daga wanda ke ƙasa da kai?
5. Tun da ruwa ya fito a Meriba, don me Allah ya hori Musa?

Aikin wannan mako

Kowa ya sami mutum guda mai tsoron Allah wanda ya san shi sosai, ko matarsa, ko mijinta, ko abokin aiki, ya tambaye shi abu ɗaya da ya kamata ya gyara cikin hidimarsa. Ya saurara har ƙarshe, kada ya kāre kansa, ya yi godiya. Sa'an nan ya rubuta aiki ɗaya da ya ke riƙe da shi wanda wani zai iya yi, ya fara koya wa wanin.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai da ka san zuciyar kowa, ka nuna mana abin da idonmu ba ya gani. Ka ba mu masu gaya mana gaskiya, ka ba mu kunnen ji. Ka tsare mu ranar gajiya da fushi, domin mu gama aikinka da aminci. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.