Amsar Tambaya: Me za mu tambayi likitan Baba?

Tambaya: Likita a Kano ya ce mahaifinmu, tsohon kafinta mai buga silin, yana da mesothelioma. Me za mu tambaya idan mun koma? Daga wata 'yar'uwa a Ɗambatta.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Wannan ciwon daji ne na tantanin da ya lulluɓe huhu. Galibi ƙurar asbestos ke jawo shi, kuma yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana, don haka ku faɗa wa likita aikin da Baba ya yi.

Ku fara da wannan: an gutsuri tsoka an auna, ko hoto kawai aka duba? Ku tambayi haka domin tarin fuka ma yana tara ruwa a ƙirji kamar wannan ciwon. Sannan, wane mataki ciwon ya kai?

Tambayar da na fi so ku yi ba kunya ita ce: maganin nan na warkarwa ne, ko na sassauta wahala? Nawa zai ci har ƙarshe? Ku ji amsa kafin a taɓa gona ko shanun huɗa.

Ku tambayi inda za a riƙa zuƙe ruwan ƙirjin idan numfashi ya yi wuya cikin dare, da maganin zafin da zai riƙe shi a gida. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ku ci gaba da cin tuwo kwano ɗaya da shi.