Bayani a Kan Jiniyar Gobara Mai Lamba da Yadda Ake Daidaita Ta

Malamai magabata, da suka yi nazarin manufofin shari'a, sun tattara su a kan abubuwa biyar da kiyaye su ya wajaba a kan al'umma, wato addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Gobara kuwa, Allah ya kiyashe mu, ba ta da abin hari sai rai da dukiya, kuma ta fi son dare, kamar yadda ta lashe dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, mutane suna barci. Sunna ta hore mu da kashe wuta kafin kwanciya. Sai dai wutar wannan zamani, wadda ke kwance cikin wayar bango da tukunyar gas da ɗakin janareto, ba fitilar aci-bal-bal ba ce da maigida zai hure ya ja bargo, saboda haka riƙo da sababi ya hukunta a nema mata mai tsaro wanda ba ya gyangyaɗi.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, gine-ginen da jama'a ke kwana a ciki sai ƙaruwa suke yi a masarautar Dutse: ga ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga makarantun kwana, ga kuma Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008. Shugabannin wurare irin waɗannan, da masu sa hannu a takardar ɗan kwangila, su ake nufi da wannan bayani.

A tsohon tsarin jiniyar gobara, akan raba gini shiyya-shiyya, a jera jiniyoyi a kan waya guda, in hayaƙi ya tashi duk su ɗauki kuka tare, akwatin sarrafawa kuma iyakar abin da zai nuna shi ne shiyyar da abin ya faru. A sabon tsari kuwa, waya takan fita daga akwatin, ta zaga gini, ta komo inda ta fito, kowace na'ura da ke kanta, ko mai sansano hayaƙi ce ko jiniya, tana da lambarta; akwatin yana bin su ɗaya bayan ɗaya dare da rana, kamar malami mai kiran sunayen ɗalibai, wadda duk ta yi shiru sai ya rubuta ta a fuskarsa. Na'urorin kamfanin Apollo sukan kai 126 a zagaye guda, na Hochiki 127.

Farkon aiki shi ne ba kowace jiniya lambarta. A wasu akwai 'yan makunnai bakwai a bayanta, darajarsu 1, 2, 4, 8, 16, 32 da 64, ta yadda mai son lamba 37 zai zaɓi na 32 da na 4 da na 1, bisa yadda takardar masu ƙirar ta nuna. Wasu kuma da 'yar na'urar hannu ake rubuta musu lambar. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne kada biyu su yi tarayya a lamba ɗaya, domin idan suka amsa tare akwatin zai ruɗe, ya nuna matsala.

Amma lamba ita kaɗai ba ta da fa'ida ga maigadi, kuma a nan ne, a ganina, aka fi yin gafala. Injiniya yakan gama aikinsa ya bar rubutu irin na masu sana'a, zagaye na kaza, na'ura ta kaza, alhali wanda zai tsaya gaban akwatin da ƙarfe biyu na dare, zuciyarsa tana bugawa, ba injiniya ba ne, dattijo ne mai tocila da sanda, ko ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare. Haƙƙin mai gini ne ya ce a rubuta wa kowace lamba sunan da mutanen wurin suka sani, Ɗakin Haihuwa, ko Sito, ko Kicin, da Hausa in ita suke ji, a kuma liƙa taswirar ginin a gefen akwatin.

Daga nan sai tadbirin abin da zai biyo bayan me. Tun da kowace jiniya ana iya yi mata magana ita kaɗai, ana tsara cewa idan hayaƙi ya tashi a ɓangare kaza, jiniyoyin wurin su yi kuka marar yankewa, wanda ma'anarsa a fita, na maƙwabta kuma su riƙa yi suna tsayawa, wato a zauna cikin shiri. Hikimar wannan ta fi bayyana a asibiti, inda matar da aka fito da ita daga tiyata, ko jaririn da ke kwance a kwalba, ba za a ce su ruga waje ba, sai dai ma'aikata su tura gadaje zuwa ɓangaren da wuta ba ta kai ba. Don haka a ɗakin majinyata akan sassauta sauti, a haɗa da fitila mai walƙiya, wadda kurma ma zai amfana da ita. Lalle kuma jiniyoyin da ake ji daga wuri guda su zama muryarsu iri ɗaya ce, suna tashi tare suna sauka tare, in ba haka ba kukan zama cikin shiri na jiniyoyi biyu ya cakuɗe ya koma kamar na fita.

Game da ƙarfin sauti, ƙa'idar Ingila mai lamba BS 5839, wadda injiniyoyinmu da yawa suke bi, ta ajiye desibel 65 a matsayin mafi ƙaranci a galibin wurare, ko a ɗara hayaniyar wurin da desibel 5, sa'an nan desibel 75 a daidai kan gado inda ake son tada mai barci, kada kuma a wuce 120. Ƙofa a rufe takan cinye wajen desibel 20, saboda haka jiniyar da aka rataye a baranda, kome amonta, da wuya ta tada ɗalibin da ya rufe ɗaki, fanka tana juyawa a kansa. Da ma'auni ake tabbatar da wannan, ƙofofi a rufe, janareto a kunne.

Kada kuma a ɗauka ƙure sauti ne mafita. Daga wayar zagayen jiniyoyin suke shan wuta, abin da take iya ɗauka kuwa yana da haddi, sai an yi lissafi kafin a ƙara ko guda. Ƙa'idar ta nemi batir ya riƙe tsarin awa 24 bayan ɗaukewar wuta, ya kuma iya kaɗa jiniyoyi na minti 30. A ƙasarmu, inda wuta ke tafiya ba sallama, zafin bazara kuma yana rage wa batir kwana, mai hankali zai nemi wanda ya fi haka.

Ƙurar hunturu, da turaren wuta, da hayaƙin maganin sauro, duk suna iya sa na'ura ta yi ƙarya, jiniyar da ta saba ƙarya kuwa ƙarshenta wani ya cusa mata tsumma ko ya zare batir. Maganinsa a sa mai jin zafi a kicin maimakon mai sansano hayaƙi, a share na'urori bayan wucewar hunturu. Kowane mako, a rana da sa'a sananniya, a danna ɗaya daga jajayen akwatunan bango da ake tada jiniya da su, wannan makon wannan, mako mai zuwa wani, a rubuta a littafi. Duk wata shida kuma injiniya ya zo ya duba, ya bar wa mai gini kwafin jerin lambobin da tsarin da aka shigar.