Daren sabuwar shekara a Landan: shirin da baƙo zai yi

Wanda ya saba kallon wasan wuta na Landan a talabijin, ƙararrawar Big Ben na buga sha biyun dare, kogin Thames ya haskaka, zai ɗauka fita kawai ake yi a tsaya a bakin ruwa. Da can haka ne. Tun 2014 sai da tikiti ake shiga wuraren kallo da ke kewaye da London Eye, kuma yakan ƙare tun da sauran makonni. Ofishin magajin garin Landan ne ke fitar da shi ta intanet. Kada ka saya a hannun wani a Facebook ko a bakin titi, domin na jabu sun yi yawa, kuma masu tsaron ƙofa ba sa sauraron magiya.

Wasan wutar kansa bai kai minti ashirin ba. Sauran daren duk tsayuwa ce. Ana buɗe ƙofofi wajen ƙarfe takwas, a rufe su tun kafin sha biyu, idan ka fita kuma ba komawa. Ke nan za ka yi sa'o'i a tsaye a gefen kogi cikin sanyin Disamba mai danshi, iska na ratsa ƙashi, wani lokaci har da yayyafi. Rigar sanyi guda ba ta isa ba. Ka jera riguna biyu ko uku a ciki, ka sa safa mai kauri da safar hannu da hular da ke rufe kunne. Takalmin ya zama wanda ruwa ba ya shiga. In kana son hoto da babbar riga, ɗora ta a kan duk waɗannan, ba wanda zai san abin da ke ƙasa.

Lokutan salla ma suna ba baƙo mamaki. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba duk suna zuwa cikin sa'o'i huɗu. Wannan ya yi maka daidai: ka yi isha a masauki, ko a babban masallacin Regent's Park ko na Whitechapel, sannan ka kama hanya. Ka ci abinci ka ƙoshi kafin nan. Akwai gidajen abincin halal birjik a Edgware Road da Whitechapel, mai marmarin tsire kuma ya nufi Peckham. Shayi dai a rage, layin ban ɗaki a wurin kallo ba ƙarami ba ne.

Inda aka fi shan wuya shi ne komawa gida. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki har gari ya waye a wannan dare, amma ana rufe wasu tashoshin da ke kusa da kogi saboda cunkoso, ana kuma tare gadoji da tituna. Ka sa a ranka za ka yi tafiya mai tsawo a ƙafa. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki ko katin sufuri na Oyster. Waya takan ƙi shiga da tsakar dare, saboda haka ku tsayar da wurin haɗuwa tun kafin ku shiga taro. Wayar kanta a aljihun ciki, masu fizge suna nan. Za ka haɗu da waɗanda suka sha suka yi tatil. Wanda ya yi maka barka da sabuwar shekara ka amsa masa, ka wuce.

Mai tafiya da ƙananan yara ko dattijo, a ganina ya haƙura da daren. Washegari, 1 ga Janairu, ana yin faretin sabuwar shekara da rana, wanda aka fara tun 1987, daga Piccadilly zuwa Westminster, da makaɗa da 'yan rawa. Tsayuwa a gefen titi kyauta ce, sai dai a fita da wuri don a samu gaba.