Man Dutse na Amurka da Darasinsa ga 'Yan Kasuwa

A shekarar 2008 Amurka tana haƙo ɗanyen mai kimanin ganga miliyan 5 a kowace rana. Zuwa 2018 ta zama ta ɗaya a duniya, kuma a 2023 ta kusa ganga miliyan 13. Musabbabin wannan canji shi ne man da ke maƙale cikin dutsen laka a ƙarƙashin ƙasa, wanda a da ake ganin haƙo shi ba ya biyan wahala.

Dabaru biyu aka haɗa. Ta farko ita ce tura ruwa da yashi da sinadarai cikin rijiya da ƙarfi har dutsen ya tsattsage, mai da iskar gas su samu hanyar fita. Kamfanin George Mitchell ne ya fara cin ribar wannan dabara a filin Barnett na jihar Teksas a 1998. Ta biyu ita ce karkatar da haƙa ta bi shimfiɗar dutsen a kwance. Daga nan aikin ya bazu zuwa Bakken a Dakota ta Arewa da kuma Permian, inda ya fi ƙarfi.

Abin da ya bambanta wannan mai da na sauran wurare shi ne sauri. Rijiyar cikin teku takan ci shekaru da biliyoyin daloli kafin ta ba da ganga ɗaya, amma ta dutse cikin 'yan watanni take fara aiki, sannan ƙarfinta ya ragu da wuri. Saboda haka idan farashi ya tashi sai kamfanoni su yi ta haƙa, mai ya cika kasuwa, farashin ya sauko. Idan ya faɗi su dakata. Wato hauhawar farashi ba ta cika daɗewa kamar a da ba.

Nijeriya na cikin waɗanda abin ya fara shafa, domin man dutse mara nauyi ne mai ƙarancin farar wuta, kamar Bonny Light. A 2007 Amurka tana sayen fiye da ganga miliyan 1 a rana daga Nijeriya, amma a watan Yulin 2014 ko ganga ɗaya ba ta saya ba. A Nuwamban wannan shekara ƙungiyar OPEC, bisa jagorancin Saudiyya, ta ƙi rage haƙa da nufin kare kasuwarta. Gangar da ta haura dala 110 a Yunin 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Dala ta yi ƙaranci, darajar naira ta faɗi, masu shigo da kaya suka rasa kuɗin waje, tattalin arzikin ƙasa ya ja baya a 2016. A ƙarshen shekarar OPEC ta haɗa kai da Rasha don rage haƙa.

Har ila yau siyasa tana da hannu a ciki. Faransa ta haramta tsaga dutse a 2011 saboda fargabar gurɓata ruwa, Birtaniya ta dakatar da shi a 2019 bayan girgizar ƙasa. A Amurka kuwa majalisa ta ɗage haramcin fitar da ɗanyen mai a Disambar 2015, bayan shekara 40, kuma a 2023 ƙasar ta zama ta ɗaya wajen fitar da daskararren gas. Shugaba Biden ya dakatar da ba da sabon izinin fitar da shi a Janairun 2024, Shugaba Trump ya soke matakin a Janairun 2025. Reshe ma ya juye da mujiya, domin tun 2024 matatar Dangote da ke Legas take sayen ɗanyen mai daga Amurka.

Darasin shi ne, farashin ganga ba a hannun OPEC kaɗai yake ba. Ɗan kasuwar da ke cin bashin dala ko yake shigo da kaya ya kamata ya riƙa bin adadin rijiyoyin da ake haƙa a Teksas da manufofin gwamnatin Amurka kamar yadda yake bin sanarwar Babban Bankin Nijeriya. Kada ya ɗora lissafinsa kan farashin shekarar wadata, domin kwana nesa mai ƙofa yake kaiwa ga naira.