Kafin Ki Juye Kaset Ɗin Farko

 Jikata, uwarki ta ce mini an ɗauke ki aikin juye tsofaffin kaset-kaset da hotuna zuwa kwamfuta, har an ba ki ɗaki da na'ura. Na yi murna ƙwarai. To amma tunda kin ƙi ni kin ce na tsufa, bari in ba ki abin da tsoho ke da shi, ko banza da tsohuwar zuma ake magani.

Na yi shekaru a ɗakin ajiyar faya-fayai na wani gidan rediyo, kuma har gobe akwai wani kwali da ke tsaya mini a rai. Faifai ne na zare, irin mai naɗi, an rubuta masa da jan biro a gefe: "Hira da tsoho, 3/4." Shi ke nan. Na ɗora shi a na'ura, sai ga muryar wani dattijo, a natse, yana lissafa zangunan da fatake ke sauka a hanyar Gwanja, yana faɗin inda ake samun ruwa da inda ake biyan fito. Kusan sa'a guda yana magana. Wane ne shi? A wane gari aka ɗauka? Shin 3/4 ɗin nan uku ga Afrilu ne, ko faifai na uku cikin huɗu? Na bi tsofaffin ma'aikata ɗaya ɗaya, wanda ake zaton shi ya yi ɗaukar ya riga mu gidan gaskiya. Murya tana nan garau, amma ba mai iya kafa hujja da ita, don ba ta da asali.

Abin da ya kamata a rubuta a kwalin nan shi ne yanzu masana ke kira metadata. Ni bayanan rakiya nake ce masa, wato bayanin da ke raka abu duk inda ya je, ya faɗi sunansa da mai shi da ranarsa. Kada ki ɗauka sabon abu ne da Turawa suka kawo. Malamanmu na da, in sun gama kwafe littafi, sukan rubuta sunansu a ƙarshe, da wanda aka kwafa domin shi, wani lokaci har da rana da wata. Mawallafan zamanin jihadi, irin su Nana Asma'u, sukan sa ramzi a ƙarshen waƙa, kalma ce da in ka lissafa haruffanta sai ta ba ka shekarar Hijira. Da irin wannan ne masu bincike a Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970, ke gane wace takarda ce ta riga wace.

A watan Maris na 1995 wasu ma'aikatan laburare da masana kwamfuta suka taru a wani gari mai suna Dublin a jihar Ohayo ta Amurka, ba Dublin ta ƙasar Ayalan ba, suka fitar da gurabe 13 na bayyana kowane irin abu da ke intanet. Daga baya aka mai da su 15, shi ne tsarin da ake kira Dublin Core. A ciki akwai suna, da mai ƙirƙira, da wanda ya taimaka, da kwanan wata, da harshe, da lambar shaida, da haƙƙin mallaka, da sauransu. Ki nemo shi ki karanta, ba shi da tsawo. Sai dai jera sunayen gurabe shi ne mai sauƙi. Inda aikin yake shi ne ku zauna, ke da abokan aikinki, ku yanke wa kowane gurbi sharuɗɗansa, ku rubuta a takarda guda: me ake nufi da shi, dole ne a cike shi ko an yarda a bar shi, sau ɗaya ake cikewa ko yana maimaituwa, kuma da wane irin rubutu. Tun ran gini tun ran zane. In kuka juye kaset 500 kafin ku daidaita, gyaran sai ya fi aikin farko wuya.

Ɗauki kwanan wata, don nan aka fi yin tuntuɓe. Waƙa ɗaya tana da ranaku aƙalla uku: lokacin da makaɗi ya shirya ta, ranar da aka ɗauki muryarsa, da ranar da ke kika juye ta. In gurbin ɗaya ne, wata za ta sa wannan, wani ya sa wancan, shekara goma nan gaba a ga an rubuta wai Mamman Shata ya yi waƙa a 2025, alhali ya rasu tun 1999. Ku raba su, kowace rana da gurbinta. Sannan ku bi tsarin ISO 8601, shekara a gaba, sai wata, sai rana: 1982-04-03. Ba'amurke in ya ga 3/4 Maris yake karantawa, mu da muka gaji Ingila mu ce Afrilu, amma wannan tsarin ba ya barin gardama, kuma kwamfuta na jera shi daidai da kanta. In shekara kawai aka sani, a sa shekara kawai. In Hijira ce a jikin takarda, a rubuta ta yadda take a nata gurbin, kada a goge ta don an juya ta zuwa Miladiyya.

Kada kuma ki yarda da ranar da ke jikin fayil ido rufe. Hoton da aka turo ta WhatsApp, ranar da ke cikin sunansa ta shigowarsa wayarki ce, kuma bayanan da kyamara ta ɓoye a cikinsa galibi an kankare su a hanya.

Sai maganar mai ƙirƙira. Waɗanda suka tsara gurbin nan littafi ne a ransu, mai marubuci ɗaya. Kiɗanmu ba haka yake ba. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai ne, wannan ba wuya. To Musa Ɗanƙwairo fa, da 'yan amshi da masu kotso? Ga maroƙi yana kirari a tsakiya, ga wanda aka yi wa waƙar, ga wanda ya riƙe na'urar ɗauka. A ganina makaɗi ya shiga gurbin mai ƙirƙira, sauran su shiga na masu taimakawa, a bar gurbin yana maimaituwa, kowa a rubuta aikinsa kusa da sunansa. Wanda aka wasa kuwa yana cikin gurbin jigo. 'Yan amshi sun daɗe ana cin haƙƙinsu a rubuce, in kin samu sunan ko mutum ɗaya, ki sa.

Sunan ma kansa ku tsayar da yadda za a rubuta shi. Na ga Dankwairo, na ga Dan Kwairo, na ga Ɗanƙwairo, kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Ku zaɓi ɗaya mai ƙugiya yadda ya dace, sauran ku ajiye su a gurbin wasu sunaye, don wanda wayarsa ba ta da ƙ da ɗ shi ma ya samu in ya nema. Ki tuna 'yan'uwanmu na Nijar ƴ suke rubutawa inda mu muke sa 'y. Harshe kuma akwai lambarsa da duniya ta sani, ta Hausa ha ce ko hau, ku ɗauki ɗaya ku tsaya a kai. Ni da zan ƙara gurbin karin harshe, don mai neman Sakkwatanci ko Katsinanci ya huta.

Lambar shaida ba sai na ja ba. Kowane abu da tasa, ba a canza ta, ba a ba wani ko da an jefar da na farkon, kuma a rubuta ta a jikin kaset da sunan fayil da rajista. Bayanan ki ajiye su wuri biyu, cikin fayil da kuma rajista dabam.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne cike gurbi don kunya. Yaro ba ya son a ga fili a takardarsa, sai ya yi kirdado, kirdadon nan kuma in ya shekara biyar a kwamfuta ya zama gaskiya, ɗalibai su kwafa su kai jami'a. In ba ki sani ba, ki rubuta "ba a sani ba". In zato ne, ki ce zato ne, ki faɗi wanda ya gaya miki da ranar da ya faɗa. Ku ware gurbi musamman don wannan.

Haƙƙi kuma ba na kuɗi kaɗai ba ne. Za ki ci karo da hirar da wata tsohuwa ta yi a cikin ɗakinta tana faɗin sirrin gidansu, ko mai magani yana bayyana haɗinsa, ba su taɓa jin sunan intanet ba balle su yarda a sa su. A sa gurbin da zai ce wa aka yarda ya ji, kuma wannan ya zama na dole.

Injin zai jira ki, tsofaffi ne ba za su jira ba. Duk wanda ya yi aiki da kaset-kaset ɗin nan, in yana da rai, ki je gidansa da littafi da biro, ki gaishe shi, ki kunna masa ya ji. Ranar Juma'a in kin zo, ki taho da takardar sharuɗɗan naku mu duba tare, ki kuma riƙo mini goro, fari.