Gyaran Kayan Haƙar Kuɗin Intanet a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Kalmar "haƙa" tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Da ita yake faɗin haƙar rijiya, da haƙar kuza a Jos, da haƙar zinariya a ƙasar Anka. To amma a 'yan shekarun nan kalmar ta sami sabon gida, domin samari sun ɗauke ta sun laƙaba wa neman kuɗin intanet, watau kirifto. Wannan maƙala za ta dubi kayan da ake wannan haƙa da su, da irin ciwon da kan kama su a yanayi irin na Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, da kuma yadda mai gyara ya kamata ya bi sawun ciwon. Za a ga cewa mafi yawan abin da ke kashe kayan daga waje yake zuwa, watau zafi da ƙura da rashin tsayayyar wutar lantarki.

2.0 Na'urar Haƙa

Bitcoin ya soma aiki a watan Janairu na 2009. Haƙarsa kuwa gasar lissafi ce. Na'urori a duk faɗin duniya suna ta cankar wata lamba, kusan kowane minti 10 ɗaya ta dace, a ba mai ita lada. Tun daga Afrilu na 2024 ladar ta koma Bitcoin 3.125, bayan da take 6.25.

Alal misali, a ɗauki na'urar Antminer S19 wadda kamfanin Bitmain na ƙasar Sin ya fitar a 2020. Tana da allunan lissafi 3, kowane ɗauke da ƙwayoyi 76, sai fanka 4, da akwatin wuta, da ƙaramin allo mai sarrafa su duka. Tana shan wat 3,250, ke nan yunit 78 a kwana ɗaya idan ba ta tsaya ba. A farashin naira 225 da aka sa wa masu layin Band A a Afrilun 2024, kuɗin wutarta kaɗai ya kai naira 17,550 kullum. Kusan dukkan wannan wuta zafi take komawa. Masu ƙirarta sun ƙayyade cewa kada zafin ɗakin da take ya wuce digiri 40, alhali kuwa a ƙasar Sakkwato zafin bazara, musamman a Afrilu, kan haye wannan iyaka da rana tsaka. Da sanyi ya kama kuma, ƙurar hunturu ta zo ta toshe haƙoran ƙarfen da ke kwashe zafi daga jikin ƙwayoyin. Ga kuma batun wuta: na'urar tana bukatar bolt 200 zuwa 240, kuma ba a manta ba yadda yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024. Duk wanda ya yi niyyar kafa irinta a Tambuwal ko Kebbe, da waɗannan abokan gaba uku zai kwana ya tashi.

3.0 Bin Sawun Ciwo

Maƙera kan ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Kuskuren da sabon mai gyara kan yi shi ne ya zabura ya ɗauki dalma da bulowa tun bai san inda ciwon yake ba. Na'urar da kanta tana rubuta rahoton halin da take ciki, ana karanta shi ta kwamfutar da aka haɗa da ita. A nan za ta faɗi ko wata fanka ta tsaya, ko zafi ya yi yawa, ko kuwa ƙwayoyi nawa ta ƙirga a kowane allo.

Daga mai arha ake farawa. Idan ta ƙi tashi gaba ɗaya, a sa mita a auna wutar da ke shigowa tukuna, a dubi wayoyin ko bakinsu ya ƙone. Idan tana tashi ta yi 'yan mintoci ta mutu, galibi zafi ne ko fanka, domin an yi ta ne ta dakatar da kanta da zarar ta rasa fanka ɗaya. A kashe wuta, a busa ƙurar da busasshiyar iska, a sauya fankar. Sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa.

Inda gwaninta take shi ne lokacin da rahoto ya nuna allo ɗaya ya ɓace. Kafin a yanke wa allon hukunci, a musanya wayarsa da ta maƙwabcinsa. In ciwon ya bi wayar, to wayar ce, kuma kuɗinta kaɗan ne. In ya tsaya a kan allon, sai a tuna cewa ƙwayoyin nan jere suke kamar raƙuman ayari, kowace tana miƙa wa ta gabanta saƙo, amsa kuma tana dawowa ta bayansu. Guda ta mutu, ko dalmar ƙafarta ta saki saboda yawan zafi da hucewa, ayarin ya yanke daga nan. Saboda haka idan rahoto ya ce an ga ƙwayoyi 30 cikin 76, wajen ta 30 da ta 31 za a kai mita. Idan kuwa ya ce ba a ga ko ɗaya ba, wannan bai nuna duka sun mutu ba. Mai yiwuwa wuta ce ba ta isa allon ba, ko saƙon ya katse tun daga farkon jeri. Allo mai lafiya da yawa an jefar saboda rashin sanin wannan.

4.0 Haƙar Waya

To amma fa abin da ke hannun samarin Tambuwal da Kebbe, kamar na sauran garuruwan Arewa, waya ce. Pi Network ya fito a 2019, sa'an nan a 2024 aka shiga danne-dannen Notcoin da Hamster Kombat ta manhajar Telegram. Sunan haƙa a nan aro ne kawai, domin wayar ba ta yin lissafin komai. Maki ake rubuta wa mutum a kwamfutar kamfanin. Da aka raba kuɗin Hamster a ranar 26 ga Satumba 2024, mutane da dama abin da suka samu bai kai kuɗin data da cajin da suka kashe ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Ita wayar kuwa ta sha wuya. Dannawa dare da rana tana jikin caji, a cikin zafin nan, shi ke kumbura batir har ya ɗaga sikirin. Batirin da ya kumbura sauya shi ake yi, ba a huda shi ba a matsa shi, don yana iya kamawa da wuta. Wayar da ta daina caji kuma, a fara share bakin cajin, sau da yawa ƙura ce ta dunƙule a ciki.

Babban haɗari yana wajen filashin, watau wanke ƙwaƙwalwar waya. Asusun Pi yana da kalmomin sirri 24, su ne makullinsa. Idan mai gyara ya wanke wayar alhali mai ita bai rubuta kalmomin a takarda ba, abin da ke asusun ya tafi, kamfanin ma ba ya iya dawo da su. Idan kuwa hotonsu ya ɗauka ya bari a cikin wayar, duk wanda ya buɗe ta a rumfar gyara yana iya kwashe asusun daga ko'ina. Don haka mai gyara na gari yakan tambayi mai waya ko ya rubuta kalmominsa kafin ya taɓa ta, ya kuma bar shi ya goge hoton da hannunsa.